Rasuwar Loretta, Libarbar Babana

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Baba ne ya ce tunda kullum kaina na cikin littafi, yau dai in yi amfani. Shi hannunsa na cikin bandeji.

Da zuciya cike da baƙin ciki, iyalan babana, Vernon Niemi na arewacin Michigan, ke sanar da 'yan Kulob ɗin Harbi na Bakin Tafki rasuwar Loretta, babbar bindiga libarba, wadda ta cika ranar Asabar a filin gasa, a gaban jama'a.

Marigayiya ta shigo gidanmu domin aiki ɗaya: ta share kwalaben katako biyar, irin waɗanda ake gara wa ƙwallo a wasan bolin, daga kan tebur. Kayar da kwalba bai isa ba, sai ta faɗo ƙasa, kuma ƙaramar bindiga kwantar da ita kawai take yi. Mai shago ya nuna wa Baba wata madaidaiciya, daidai hannunsa. Baba ya ce, "Wannan ai ta malaman makaranta ce. Ɗauko min waccan mai bakin bututu."

Ta rayu cikin tsafta da gata. Kullum ana shafa mata mai, ana tambayar lafiyarta, abin da Mama ta ce ita ta manta yadda yake. Ba za mu manta da muryarta ba. "Ƙwaaam!" take cewa, sai ta ɗaga kai sama kamar mai addu'a. Kafin Baba ya sauko da ita, Kawu Royce, yayan Mama, ya share nasa teburin yana shan kofi.

"Suruki," Kawu kan ce, "kwalabe kake harbi ko agwagin da ke wucewa?"

A kan haka Baba ya rantse gaban kowa cewa in bai riga Kawu share tebur ba bana, zai koma layin harbin yara.

Jinyarta gajeriya ce. Da la'asar kwalabe sun sha dalmar harsasai sun yi nauyi, sai su ƙi faɗowa. Baba, da yake shi ke ɗura harsasansa a gareji, ya ƙara wa na ranar albarushi don Loretta ta ji ƙarfi. Ta kuwa ji. Huɗu suka faɗo, ta biyar ta kwanta a bakin tebur tana lilo, Kawu kuma saura masa biyu. Baba ya ja kunama. Marigayiya ta ce "Fash!" ta rabu gida uku. Kalmarta ta ƙarshe ke nan. A kan rufin rumfar masu soya fanke aka tsinci kanta.

Kawu ya ƙarasa biyunsa a natse, sannan ya zo jaje.

Ta rasu ta bar Baba da yatsu tara da rabi, da kunne ɗaya mai aiki. Ta bar jakar fata, kwalbar mai, da Mama, wadda tun ranar take waƙa in tana wanke-wanke. Kwalba ta biyar tana nan lafiya, ba ta ko ƙwarzane ba.

Za a binne abin da aka samu na marigayiya ranar Asabar mai zuwa, bayan karin kumallo, a bayan garejinmu. Daga nan za a wuce fili, inda Baba zai cika rantsuwarsa da hannun hagu. Kawu ya ara masa 'yar bindigar jikarsa, mai ruwan hoda. An sa sunan Baba tsakanin Tyler da Maddie, 'yan firamare. Maddie ta ce a gaya masa kada ya ji tsoro, bindigar ba ta da ƙara.

Kawu ya roƙi kowa ya zo da kujerarsa.

Na liƙa wannan a allon sanarwa yanzu da kuke layin kofi. Baba bai karanta ba tukuna. Ni zan bi ta ƙofar baya.