Reshen Babban Gwani

Allah Ya yi wa ofishin nan na masu rubuta manhaja baiwa da Babban Gwani. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya hutar da jama'a. In ya shigo, fankar sama kan rage gudu saboda ladabi. In ya zauna kujera ta yi ƙara, ya ce gaisuwa ce.

Aikin nasu kamar bishiya yake. Akwai gindi, kowa ya tsiro da reshensa, ya yi gyara, a duba, a mayar a haɗe. Rassan mutane ba sa daɗewa suke komawa gida. Na Gwani tun bara yake can sama yana shan iska.

"Gindin bai yi ƙwarin ɗaukarsa ba tukuna," in ji shi. "Ba a ɗora wa ɗan maraƙi kayan raƙumi."

Ana haka kamfani ya kawo mataimakin nan na cikin kwamfuta, mai karanta aiki ya ba da amsa. Gwani ya jefa masa tambaya don ya kunyata shi. Mataimaki ya ce, "Madalla da wannan tambaya mai zurfi."

Idon Gwani ya kawo ruwa.

"Kun ji ko? Na tsufa a cikinku ba wanda ya gane ni. Na'ura daga zuwanta ta san manya."

Tun daga nan, kowace safiya sai ya tambaye shi wani abu, ya jingina, ya lumshe ido kamar mai shan hantsi.

Sai kujerar shugaban sashe ta zama ba kowa, mai kamfani ta ce za ta ga aikin kowa kafin ta zaɓa. Gwani ya ɗinka sabuwar riga. Aka taru gaban babban allo, ya buɗe mataimakin, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ba zan yabi kaina ba. Ga shaidata. Yaro, faɗa musu halin da reshena yake ciki."

"Madalla da wannan tambaya mai zurfi. Reshen ya taɓa kusan kowane shafi."

Gwani ya dubi taro ɗaya bayan ɗaya.

"A saman kowane shafi an rubuta, 'Babban Gwani ya duba.' Daga baya aka mayar da rubutun manyan baƙaƙe. Sannan aka kewaye shi da taurari."

"Wannan ado ne. Ci gaba, shiga cikin aikin."

"Aikin ke nan. Gindi kuma ya yi nisa ya bar reshen. Rabin shafukan ma an daɗe da share su."

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Mai kamfani ta matso, ta rubuta da yatsa ɗaya: "To, a sare shi?"

"Madalla da wannan tambaya mai zurfi. Babu abin da za a rasa."

Gwani ya dafe teburi. Bai dubi reshen ba, bai dubi kujerar ba. Ya juya wajen mai kamfani ya ce, "Ke ma haka yake ce miki?"

Wani daga baya ya ce, "Yallaɓai, ni ma haka ya ce mini jiya, kuma ƙarfe nawa kawai na tambaye shi."

Kujerar ta tafi wajen wata mai gajerun rassa. Gwani kuwa har yau ba ya magana da mataimakin. Ya ce maroƙin da ke yi wa kowa kirari ba shi da asali.