Ranar da Na Kulle Kaina a Waje

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na zagi mutanen Yamai kaf a kan laifin da ba nasu ba.

A ofishin kula da dabbobi na Filinge nake aiki, ni ke shigar da bayanan rigakafin shanu a kwamfuta. Damina ta kusa, makiyaya na shirin yin arewa, kuma sai bayananmu sun isa Yamai za a turo allura. Ana cikin haka aka sabunta mana manhaja. Na zo shigar da tsohon fayil, sai ta rubuto da Faransanci wai ba ni da izini. Ni! Fayil ɗin da na raina da hannuna!

Raina ya ɓaci matuƙa. Na kashe na kunna, na hura kebul, na ɗan mari kwamfutar (a hankali, kayan gwamnati ne). Ko gezau. Kullum Arɗo Bello, shugaban makiyayan, sai ya zo ya zauna bakin ƙofa yana tambayar allura, ni kuwa ina cika masa kunne da cewa 'yan birni ne suka lalata aiki, masu shan sanyin ofis da ba su san warin garke ba.

Na matsa wa shugabanmu har aka turo wata ma'aikaciya daga Yamai, Madam Hadiza. Ta sauko daga motar haya, ko ruwa ba ta sha ba na fara yi mata wa'azi a gaban kowa. Ta zauna gaban kwamfutar. Ta danna nan, ta danna can, sai ta juyo.

"Wa ya hana kowa taɓa wanga wuri?"

Sai na tuna. Tun bara na gaji da abokin aikina Hamidu, mai kallon kokowa a kwamfutata, sai na shiga wajen izinin fayil ɗin na zaɓi "kowa da kowa", na danna "hana". Har alfahari na yi a lokacin. Tsohuwar manhaja ba ta kula ba, sabuwar ce mai bin doka.

"Don Hamidu na yi," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"To Malam, kai ba ka cikin kowa da kowa?"

Hamidu ya fita waje don ya yi dariyarsa da kyau. Arɗo ya gyara sandarsa ya ce, "Ashe kai ka ɗaure saniyar, kana ta hwaɗa wai ba ta tahiya."

Kafin shayi ya huce ta gyara komai, bayanai suka tafi. Allura ta iso, amma garken Arɗo ya riga ya yi nisa, sai da na bi su a babur har wajen Abala ina ba da haƙuri.

Yanzu idan kwamfuta ta ce ba ni da izini, kafin in zagi Yamai sai na fara tambayar kaina wa na so in ƙuntata wa bara.