Ranar da Na Kai Shaidu Gaban Na'ura

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, mai tauna goro ya tauna a hankali. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da ni abin ya faru, ido biyu, da rana tsaka, a Treichville.

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba. Lokacin na haura shekara talatin ina sayar da goro a kasuwar Adjamé. Daga masu turin amalanke har direbobin gbaka, ƙananan motocin hayar nan, ba wanda bai san rumfata ba. In baƙo ya sauko daga Kano ko Maraɗi yana cigiyar wani, wurina ake kawo shi. Ni ce mai cewa wannan ɗan wane ne, wancan kuwa ba mu san asalinsa ba. Na ɗauka duk duniya babu ƙofar da za a tsaya ana tambayata ko ni wace ce.

Autana Sani (ke mai rubutawa, kawunki nake nufi, daina murmushi) ya tashi zai ƙetare hamada neman Turai. Na yi magana, na yi kuka, ya ƙi ji. Ana jibi zai tafi ya kai ni siba, shagon nan da ake jera na'urori kamar kekunan ɗinki. Mai shagon Mariyatu ce, 'yar wani mahauci, uwar 'ya'ya uku, haifaffiyar Abidjan, Hausarta rabi Faransanci. Sani ya ce ya buɗe mini akwatin wasiƙa. Na duba ƙarƙashin tebur, ban ga akwati ba.

"Inna, waya tana ɓata, lamba tana canzawa," in ji shi. "Wannan kuwa duk inda na kai zan iya jefo miki wasiƙa. Nan kaɗai zan rubuto."

Ya rubuta mabuɗin a 'yar takarda, haruffa da lambobi a cakuɗe, modipas suke ce masa. Na ƙulle ta a haɓar zanena.

Wata bakwai, kowace Juma'a, ina ƙetare gada zuwa Treichville. In kwance takarda, Mariyatu ta duba ta danna, ta kalli gilashi, ta ce, "Babu komai, Hajiya." In ƙulle takardata in koma Adjamé. Wata bakwai ban san ko yaron nan yana raye ba, ko rairayi ya rufe shi.

Sai wata rana na wanke zanen. Ni da hannuna, ba mai aiki, ba jika, babu wanda zan ɗora wa. Na jiƙa shi, na cuɗa, na buga a dutse kamar ya yi mini laifi. Da na kwance haɓar, abin da na tarar ya fi kama da tuwon jiya. Juma'a uku na ɓoye maganar, in Kande makwabciyar rumfata ta tambaya in ce gwiwa ke damuna. A Alhamis ta huɗu zuciyata ta ƙi haƙuri, na je na faɗa wa Mariyatu gaskiya.

"To ai kin san ni," na ce. "Buɗe mini."

"Ni na san ki, Hajiya. Akwatin ne bai san ki ba. Mutum ɗari ke shiga nan, ba na riƙe modipas ɗin kowa. Sai an tabbatar masa ke ce."

Ta buɗe baki za ta ƙara, na ɗaga mata hannu. Tabbatarwa ai sana'ata ce. Na ce ta saurare ni gobe.

Washegari bayan an sauko daga masallaci na dawo da shaidu biyu. Kande, wadda muka shekara ashirin kafaɗa da kafaɗa, da Malam Ɗan'azumi, dattijon mahauta, mutumin da in ya yi magana a mayanka rigima ta mutu. Na sa leshina na biki, na riƙo katina na izinin zama a ƙasar, na kuma naɗo farin goro a ganye (e, goro na kai wa na'ura, ku yi dariyarku). Shagon cike yake. Wasu sun rufe kunnuwansu da wani abu kamar marfin kwano, suna ta magana da gilashi, har da dariya. Na ce a raina, ashe yana ji, har hira yake yi.

Malam Ɗan'azumi ya gyara babbar riga, ya fuskanci na'urar.

"Ni Ɗan'azumi, na san matar nan tun tana goyo. Na san mijinta marigayi, ni na yanka ragon sunan Sani. Ita ce. Allah shaida ne."

"Nima haka," in ji Kande. "Sai dai rowa, amma ita ce."

Ni kuma na manna katina a gilashin, ta gefen hoto.

Mariyatu ta rufe baki da gefen gyale, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Baba, pardon, ba ya karɓar shaidu. Ku zauna in gaya muku."

Abin da ta gaya mana har yau in na tuna tsigar jikina na tashi. Ta ce akwatin ba ya cikin wannan na'urar, ba ya ma Abidjan. Yana can bayan teku, a wani gida da babu kowa a ciki sai na'urori, dare da rana a kunne. A ƙofar gidan akwai mai gadi da ba ya barci, ba ya cin abinci, bai san fuska ba, bai san furfura ba. Bai taɓa sanin wata Hajiya mai goro ba. Abin da ya sani kawai, akwai wani akwati, kuma mai shi ya san wata kalma. Wanda ya zo da kalmar shi ne mai akwati, ko ɓarawo ne. Wanda ya zo babu ita baƙo ne, ko uwar da ta haifi mai gidan ce.

"To a roƙe shi ya tuna mana kalmar," in ji Malam Ɗan'azumi.

"Shi ma ba ya da ita, Baba."

Ta juyo gare ni. "Hajiya, kin san injin niƙa na kasuwar Gouro. In kin kai tumatir aka markaɗa, za ki iya mayar da shi ɗanye? To ranar da Sani ya ba shi kalmar, markaɗa ta ya yi, ya ajiye markaɗen, ya zubar da asalin. Kowace Juma'a in na danna, sai ya sake markaɗa abin da na ba shi ya gwada da na ajiye. In sun zo ɗaya ya buɗe. Ko ɓarayi sun fasa gidan, markaɗe za su tarar."

Na daɗe ina ganin masu amana da maciya amana, amma ban taɓa jin mai gadin da ya hana kansa sanin sirrin da yake gadi ba, don kada a same shi ta wurinsa. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Wanda ya ba ɗan Adam wannan kai."

"Amma akwai ƙofar baya," in ji Mariyatu. "Jiya kika hana ni faɗa. Sani ya ajiye tambaya. In kin amsa daidai, za a ba ki sabon mabuɗi. Sai dai ba ya son yawan kuskure. In ya yi zargin ɓarawo ne ke lalube, zai rufe, ban kuma san ranar da zai sake buɗewa ba."

"Karanto," na ce, ina gyara zama kamar alƙali.

Ta karanta da Faransanci, ta juya mini. "Yana tambaya, mene ne sunan ɗanki na fari?"

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Ɗan farina sunan mahaifin maigidana ya ci. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun yana yaye kakarsa ta ɗauke shi, a Katsina ya girma, can ya yi aure. Shekara arba'in da uku sunan nan bai bi ta bakina ba. A Abidjan kuwa, tun rasuwar maigida, babu mai saninsa sai Sani. Ga shi ban iya rubutu ba, balle in rubuta in kau da kai.

"Babangida," na ce.

Ta danna. Jan rubutu ya fito.

"Ce masa Mai Sunan Malam."

"Hajiya, anya?"

"Ai shi ma ya san abin da nake nufi."

Jan rubutu ya sake fitowa. Mariyatu ta janye hannunta ta ɗora a cinya. "Ba zan ƙara dannawa ba sai da sunan gaske."

Malam Ɗan'azumi ya ce ya gane matsalar, a bar masa. Na ce masa sunan wani sahabi ne. Ya fara jerowa da yatsu, ni ina girgiza kai. Abubakar, Umaru, Usmanu, Aliyu, Hamza, Bilyaminu.

"Wannan ba sahabi ba ne, Malam," in ji Kande.

"Ke kika yi karatun ko ni?"

Ya kai goma sha ɗaya, ya koma kan Umaru, sannan ya ce rana ta yi masa yawa.

Kande ta sunkuyo. Wannan karon babu wasa a muryarta. "Ke, wata takwas ba ki barci. Wasiƙar yaron nan ko tana cikin akwatin ko ba ta ciki. Kunya za ta gaya miki?"

Nan na tuna abin da malamai ke faɗa game da tambayar kabari, inda babu shaida, babu sanayya, babu mai amsa maka. Ban taɓa zaton zan ga ɗan samfurinta a duniya ba, kusa da mai sayar da alloko, soyayyar ayaba. Na ce to, tunda mai gadin nan ya fi ƙarfin goro da furfura, zan ba shi girmansa. Na miƙe tsaye. Na gyara mayafi. Na tuna yana can bayan teku, don haka na cika ƙirjina da iska, irin muryar da nake kiran mai amalanke daga ƙarshen layin 'yan atamfa. Na faɗi sunan. Don kada ya ce bai ji ba, na maimaita. Na ƙara da sunan uban, da na kakan, da unguwarmu a Katsina.

(Ba zan sake faɗa muku ba. Ajiye alƙalamin, ba za ki samu ba.)

Masu marfin kwano sun cire suna kallona. Wata mata da ke wucewa da tire ta leƙo. Kande ta dafe ƙirji, Malam Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa kamar yau ya saya.

Mariyatu ta ja mayafina a hankali.

"Hajiya," ta ce ƙasa-ƙasa, "ba shi da kunne. Ni ce zan rubuta. Da kin raɗa mini ya isa."

Ban san yadda na zauna ba. Na dai ji kujera a ƙarƙashina. Shekara arba'in da uku na tsare abu, na zo na yi shelarsa ga mutum goma sha huɗu da mai tire, saboda wanda ba ya ji.

Ta danna. Babu jan rubutu. Gilashin ya canza fuska, ta sa sabon mabuɗi, sannan na ga ta tsaya cak.

"Akwai wasiƙa. Kwananta goma sha biyu."

Ta karanta mini. "Inna, na iso lafiya. Na sha wuya amma ina raye, ina aiki a gonar tumatir. Ki daina kuka, ki ci abinci. In ta ƙofar baya kika shigo, ki yafe mini. Na nemi abin da ba za ki taɓa mantawa ba, kuma ba mai iya ciro shi daga bakinki."

Na yi kuka a gaban mutanen nan, kuka na gaske, har da majina a leshin biki. Kunyar da ta rage kaɗan ce, ban ga amfanin adana ta ba.

Kafin mu tafi Mariyatu ta ce dole a canza tambayar, don sirrin da ɗaki guda ya ji ya mutu. Na zaɓi wata. Na sa ta kawo kunnenta, na rufe da mayafi, na raɗa har sai da ta ce ba ta ji ba.

Mariyatu ta riƙe shagon wasu shekaru, da wayoyi suka yi wayo ta koma sayar da su. Malam Ɗan'azumi ya koma makarantar dattijai ya haddace sahabbai masu yawa, Allah ya jiƙansa, har ya rasu bai ɗaga mini maganar ba. Kande kuwa kafin la'asar ta kai labari layin goro. Har ta koma Zinder wurin 'yarta, in ta hango ni sai ta kira ni Uwar Wane, ita da sunan take faɗa, ni kuma in yi kamar da wata take. Sani ya dawo bayan shekara shida da mata da 'ya'ya biyu, na yafe masa bayan na ja kunnensa. Babangida labarin ya iske shi har Katsina. Ya kira waya ya ce, "Inna, an ce kin kira sunana. Ni ban taɓa ji ba." Na ce layin ba kyau.

Ni kuwa ga ni. Tun daga ranar, ko gaban wa aka kai ni, mutum ne ko ƙarfe, kafin in ɗaga murya sai na fara tambaya ko yana da kunne.