Yadda Za Ki Bambance Yaren Uygur da na Lao Kina Cikin Takaba

'Yar'uwa, in kina so ki zama malama a kan yaren Uygur da yaren Lao, matso kusa. Ni ko firamare ban gama ba, amma na yi miki alkawari: ki bi abin da zan faɗa, kafin ki fita takaba kin fi masu tabarau sanin su. Ba littafi, ba jarrabawa.

Mataki na 1: Ki rasa miji a ƙasar mutane

Wannan ne mai wuyar, amma ba ke za ki yi ba, yi miki za a yi. Nawa, Baban Madina, aikinsa haɗa wa 'yan kasuwa kaya zuwa Kano. Ya fita da safe duba kwantena a tashar jirgin ruwa ta Huangpu, ya ce in ajiye masa miyar kuka. Da la'asar aka kira ni asibiti. A can Guangzhou, ƙasar Sin, aka binne shi.

Mataki na 2: Ki jira 'yan'uwa

Za su zo, har da kuka. Bayan sadakar uku kuma kowa ya tuna da kayansa. Kada ki ji haushi, jirgin ruwa ba ya jiran mai hawaye.

Waɗanda za su rage miki maƙwabta ne. Ni a benenmu na unguwar Xiaobei, ta dama Patigul ce, 'yar Uygur, Musulma, mijinta na gasa tsire a ƙofar gida. Ta hagu Noi ce, 'yar ƙasar Laos, mai sayen yadi tana aikawa gida. Da can "ni hao", gaisuwar Sinawa, kawai ke haɗa mu a matakala. Yanzu ga su kullum a kan tabarmata, ba wanda ya gayyace su.

Mataki na 3: Ki buɗe kunne

Kalmar Uygur doguwa ce, an ƙulla wannan a bayan wancan kamar taragon jirgin ƙasa, kuma daga maƙogwaro take fitowa. Can sai ki ji "Allah" ko "rahmat" ya faɗo, ki yi wuf ki cafe kamar kin tsinci dabino a buhun gero.

Ta Lao gajeriya ce kamar ƙwayar shinkafa, murya na hawa tana sauka kamar ana lallashin yaro. Ba abin da za ki tsinta. Ki gyaɗa kai kawai. Masana, wato ni, sun ce rabin ilimi gyaɗa kai ne.

Mataki na 4: Ki leƙa wayarsu

Rubutun Patigul daga dama yake farawa, irin na allo. Na yi murna, na ce yau zan yi karatu. Baƙaƙen duk na san su, amma ko kalma ban gane ba, kamar ki haɗu da danginki a hanya su ƙi amsa gaisuwa. Na Noi kuwa duk a nannaɗe yake kamar taliya, ba ko tazara tsakanin kalma da kalma. Shi dai bai yi mini alkawarin komai ba.

Mataki na 5: Ki bari su yi faɗa a kanki

Patigul in ta kawo gurasa da shinkafa mai karas, da ƙarfi take cewa ki ci, tana buga tabarma. Noi sai ta dunƙula shinkafarsu mai danƙo ta sa miki a tafin hannu, ta kau da kai.

Wata rana Noi ta ɗaura mini farin zare a wuyan hannu tana raɗa, haka suke yi wa wanda hankalinsa ya tashi. Patigul ta ce "Astagfirullah!" ta warce zaren, ta yafa mini farin ɗankwali, irin nasu na makoki. Suka kaure da musu, kowa da yarenta, ni a tsakiya kamar ragon layya ana cinikinsa. Ranar na fara dariya tun bayan rasuwar.

Mataki na 6: Ki nemi ra'ayin ƙwararre

Nawa ƙwararren shi ne Wahabu, ƙanin mijina. Ya leƙo ya gan su.

"Matar yaya, me kike yi da waɗannan?"

"Karatun yare nake."

"Wane yare? Duk abu ɗaya ne, ni na daɗe a garin nan." Ya gyara hula. "Baje kolin Pazhou ya matso, ina da katan-katan na takalma, ba wurin ajiya. Ki ƙarasa takabar a Kano, ki bar mini ɗakin."

"A ɗakinsa zan ƙarasa, Wahabu. Ga rigarsa can a ƙusa."

"Riga ai tana shiga akwati. Takaba kuma ba ta san ɗaki ba."

Ya ce jibi zai kawo kaya. Ban iya gaya wa matan komai ba. Na dai nuna ƙofa, na nuna akwati, na yi kuka.

Mataki na 7: Gwajin ƙarshe

Jibin ya zo da 'yan dako. Katan ɗaya ya samu shiga. Noi ta haɗa tafin hannu ta ce masa "Sabaidi", gaisuwarsu, ta haye katan ɗin ta zauna, ta buɗe kwandon shinkafarta. Patigul ta tare ƙofa ta saki Uygur, tarago na bin tarago, har na saman bene suka leƙo.

"Madam! Madam, meyo!" in ji Wahabu. Sinancinsa ke nan, na kasuwa, wato "babu". Ya juyo gare ni. "Matar yaya, ki yi musu magana mana!"

"Kai da ka ce duk abu ɗaya ne, ai sai ka amsa musu sau ɗaya."

Mijin Patigul ya hawo da tsinken tsire a hannu. 'Yan dako suka dubi tsinken, suka dubi Wahabu, suka fara sauka da kaya. Katan ɗin da Noi ke kai kuwa, sai da ta cinye shinkafarta ta suɗe yatsu, sannan ta ba su shi.

To ga sakamakon bincike: yaren Uygur na korar mutum ne, na Lao na ƙin tashi ne. Mace mai takaba duka biyun take buƙata. A ɗakinsa na ƙarasa.

Gargaɗi

Ni na faɗi abin da na tuna ne, ban ɗauki alhakin kowa ba. In kin bi matakan nan, kika dawo Kano, kewa ta ishe ki kika kira su a waya, suka ɗauka, kuka yi shiru kuna jin numfashin juna saboda ba a nuni da hannu ta waya, kada ki zo ƙofata. Ni ma duk Juma'a haka nake yi.