Yadda Jibrin Ya Ɗaga wa Motar Dattijo Shekara

"Daga Malaz har Dir'iyya babu ɗan Najeriyar da ya san mota kamar ni. Ku rufe min ido ku tada inji, in faɗa muku shekarar da aka ƙera ta da hannun da ya ɗaura mata taya."

Jibrin ke nan, wanda muke kira Injiniya tun ranar da ya canza wa wata mota batir ya juya wayoyin. Duk Juma'a bayan la'asar, in mun taru shan shayi a ɗakin Ɗan'iya da ke unguwar Jaradiya a Riyad, sai ka gan shi ya shigo yana kaɗa makulli a yatsa, da tabarau a fuska ko da ɗakin duhu ne. Ya zaɓi matashin da ya fi laushi, ya ɗora tumbinsa a cinya, ya buɗe mana karatun mota, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Bari in gaya maka gaskiyar lamarin tun yanzu. Jibrin direban gida ne. Kafilinsa, wato ubangidan da igamarsa, takardar zaman ƙasa, ke hannunsa, wani dattijo ne Balarabe a Malaz mai suna Abu Mish'al. Dattijon nan yana da wata mota 'yar Jamus mai ƙofa biyu, ruwan goro, ƙirar 1973, irin ta tsere. Tun yana saurayi ya saye ta sabuwa fil, kuma ko ƙusa bai taɓa canza mata ba. Da zai fita waje neman magani sai ya damƙa wa Jibrin makulli, ya ce ya riƙa goge ta, ya ɗan zagaya da ita ranar Juma'a, kada ya bari hannun kowa ya taɓa ta. Ya kuma ce in ya dawo zai sabunta masa igama, don ta kusa mutuwa. Kai ma ka sani, in igama ta mutu zaman Riyad ya ƙare, ga shi ginin Jibrin a Rijiyar Zaki ya tsaya a linta.

Dattijo na hawa jirgi, mota ta zama ta Jibrin. Ya ce mana wani attajiri ne ya matsu ya sayar masa a ɓoye. Babu wanda ya yarda, amma shayi ba ya daɗi in babu abin dariya, sai muka bar shi.

Ɗan'iya ne bai bar shi ba. Shi direban tifa ne a gine-ginen Dir'iyya, kuma Allah ya yi masa baki. Wata Juma'a ya zaro waya ya nuna wa jama'a hoton irin motar nan sak, amma ƙirar 1989. Ga bamba mai kauri, ga taya mai faɗi, ga wani fiffike a baya. Ya riƙa ɗaga wayar yana leƙa ta Jibrin ta taga yana gwadawa. Fitilar waccan ta fi, kujerar waccan ta fi, ta Jibrin ko esi babu.

"Injiniya, bambar taka ai cokalin shayi ce," in ji shi. "Irin wannan a gida kaji ake ajiyewa a ciki."

Jibrin ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Ya ɗan kare motar, ya ce injinta a baya yake, sai manya. Ɗan'iya ya ce ta 89 ma a baya yake. Nan fa Injiniya ya cire tabarau ya ce mu saurara, shekarar mota ba abin damuwa ba ce ga wanda ya tashi a Kano. A can mota takan kwana tana 2008 ta wayi gari tana 2020, fuska kawai ake sauya mata, a ɗaga mata shekara. Larabawa ne dai ba su waye ba, kuɗi gare su amma babu dabara. Dalhatu, wanda ya fi mu hankali, ya tuna masa a hankali cewa motar tana da mai ita. Jibrin ya ce mai ita shi ne. Daga baya ya ja ni gefe ya ce in Abu Mish'al ya dawo ya tarar da tsohuwarsa ta koma yarinya, ba igama kaɗai ba, har kujerar Makka zai ba iyalinsa.

Da safe ya nufi tashlih, maƙabartar motocin da ke bayan gari. Mai wurin da ya ga abin da ya shigo masa, sai ya zagaya motar, ya sake zagayawa. Ya aika aka kawo kujera da gahawa da dabino. Da Jibrin ya faɗi buƙatarsa, mutumin ya sa ya maimaita, don ya tabbatar kunnensa lafiya. Sannan ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, zai ba shi duk kayan 89 kyauta, shi dai a bar masa tsofaffin kada su dame shi. Da hannunsa ya kwance bamba da fitilu da sitiyari da rediyo da rim, yana naɗe kowanne a bargo kamar jariri. Jibrin ya dawo mana yana tafiyar ƙasaita, ya ce yau ya yi wa Balarabe wayon Kano har da rakiya.

Daga nan aiki ya fara haihuwar aiki. Sabuwar bamba ta ƙi zama, sai an yanke jikin motar. Mai gyaran farko ya ce shi ba zai yanka ba, yana tsoron Allah. Jibrin ya ce matsoraci ne, ya samo wani mai waldar ƙofofin gida ya yanka. Manyan tayoyi suka riƙa gugar jiki, aka sa guduma aka buɗa musu wuri. Guduma ta farfasa fenti, sai aka shafe ruwan goron nan kaf da baƙi wuluk. Baƙar mota babu esi a ranar Riyad kuwa, ba sai na faɗa maka ba. Ya liƙa wa gilasai baƙar leda, zafi ya ƙaru. Aka huda baya aka kafa fiffike, ya ɗan karkata hagu. Kujerun fatar ya rufe su da kafet mai tuntu, ya rataya carbi da turare a madubi. Da ya kawo mana ita, ya fito sharkaf da gumi, ya daki rufin ya ce mu yi wa 'yar 89 maraba.

Ɗan'iya ya yaba matuƙa. Ya ce abu irin wannan bai kamata ya tsaya a Jaradiya ba, akwai wani fili a Dir'iyya inda masu tsofaffin motoci ke taruwa da safe a ƙarshen mako, ya kamata Larabawa su gani su koya. Jibrin ya ce dama yana da niyya.

Muka bi shi a baya cikin a-kori-kurar Dalhatu. A filin, an jera motoci shekara-shekara. Abin da ya fara ba Jibrin mamaki shi ne, layin 'yan saba'in da 'yan kai ne a gaba, an kewaye su da igiya, mutane na ɗaukar hoto suna magana ƙasa-ƙasa. 'Yan 89 kuwa suna can baya kusa da mai sayar da gahawa. Ya ce mana rashin tsari ne irin nasu.

Mai tsara layi ya tambaye shi shekara, ya ce 89 da ƙarfinsa. Mutumin ya duba gaba ya gyaɗa kai, ya duba ƙofa da rufi ya daina gyaɗawa. Masu 89 suka ce ba tasu ba ce. Masu 73 suka ce a kawar musu da ita daga gani. Aka tsayar da Injiniya shi kaɗai a tsakiyar fili, jama'a suka fara kewaye shi. Wani mai farar jallabiya ya matso, ya ɗora hannu a rufin motar, ya daɗe, sannan ya riƙe hannun Jibrin ya yi masa irin addu'ar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Jibrin ya ce shukran, ya waigo ya kashe mana ido.

Wani matashi cikinsu ne ya ji tausayinsa ya yi masa bayani. Ya ce darajar irin waɗannan motoci ita ce a bar su yadda aka haife su. 'Yar 89 ana samunta in an nema, amma 'yar 73 da ba a taɓa ba, da fentinta na asali, da ƙyar ka ga irinta a ƙasar nan. Wannan siririyar bambar da aka cire, akwai masu nemanta har ƙasashen waje. Ina kallon tumbin Jibrin yana sauka a hankali. Ya kira mai tashlih a waya, mutumin ya ce kaya sun tafi tun ranar, Allah ya yi albarka.

Ya faɗa mota ya fizge ta da niyyar zuwa ya ƙwato. Bai yi nisa ba tayar baya ta gogi ƙarfe ta fashe, bamba ta saki gefe ɗaya ta riƙa shara a kwalta. Muka sa masa tayar ajiya, muka ɗaure bambar da igiyar Dalhatu, muka raka shi Malaz a hankali.

A ƙofar gareji muka tarar da Abu Mish'al zaune a kujera da sandarsa, ɗansa Mish'al na tsaye. Ashe likita ya sallame shi da wuri, kuma abin da ya fara nema da ya sauka shi ne motarsa. Ya dubi baƙin abin da ya tsaya a gabansa, ya ce wa Jibrin yana taya shi murnar sayen mota, amma ya kawar da ita ya kawo masa tasa.

Jibrin ya ce ai ita ce. Dattijo ya ce shi ya tsufa amma bai makance ba. Jibrin ya rantse, ya ce a tambayi waɗannan bayin Allah. Dattijo ya juyo gare mu.

Ɗan'iya ya dafa ƙirji. "Wallahi ya Shaihu, tun da muka san motar nan tasa ce. Wani attajiri ne ya matsu ya sayar masa."

Jibrin ya riƙa tsalle yana cewa ƙarya ce, shi bai mallaki ko keke ba. Ban taɓa ganin mutum yana roƙon a yarda shi maƙaryaci ne da irin wannan naci ba. Can dai dattijo ya ce a tada injin, don shi kaɗai ne hannun Injiniya bai kai gare shi ba. Ƙarar na tashi, tsohon ya runtse ido ya sunkuyar da kai. Ni kaina a nan dariya ta ɗauke min, don na tausaya masa ƙwarai.

Da ya ɗago, bai ɗaga murya ba. Ya tambayi dalili. Jibrin ya ga ƙofa ta buɗe, ya gyara tsayuwa ya shiga bayani cewa tsohon abu ba ya tafiya da zamani, duk abin da ya kwana biyu sai a sauya shi da na baya-bayan nan, haka wayayyu ke yi. Dattijo ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambaye shi shekarar haihuwarsa.

"Saba'in da uku, ranka ya daɗe. Sa'an motar ne ni."

Dattijo ya juya ga ɗansa ya ce a bar maganar igama, a yanko wa Jibrin tikitin Kano, a samo masa direba ɗan casa'in da wani abu.

Jibrin ya zube a ƙasa ya kama sandar, yana rantsuwa cewa tsohon abu ya fi aminci, na yanzu duk roba ne, ɗan 73 ba a samun irinsa.

"Na sani," in ji Abu Mish'al. "A da ina da biyu."