Sallau da Baƙon da Ba a San Ubansa Ba

A Rafin Kanya an yi wani mutum Sallau, mijin Hansai ungozoma. Gidan daga su sai akuya biyu da waya ɗaya. Sallau mutumin kirki ne, sai dai yadda ka miƙa masa magana haka zai riƙe ta, ba ragi ba ƙari. Da idon Hansai ya yi rauni, shi ta damƙa wa manhajar rubutu ta cikin wayar, inda take ajiye sirrin matan gari: wadda ta yi ɓari, wadda ke ɓoye ƙaramin ciki, wadda ke shan maganin da ko uwarta ba ta sani ba. Amanar nan ita ce mutuncin Hansai gaba ɗaya.

Wata rana ta ce, "Malam, duk abin da na faɗa ka rubuta." Da la'asar ta ce ya karanto mata. Ya gyara murya: "Matar maƙeri, wata biyar. Kai, kori akuyar nan. Wayyo bayana. Malam, ba wannan ba. Na ce ba wannan ba!" Hansai ta so yin faɗa, dariya ta hana ta.

Wata rana ta ce, "Kada idon namiji ya sauka kan rubutun nan." Sallau ya dubi kansa, ya ga ai shi ma namiji ne. Sati guda bawan Allah yana rubutu ido a rufe. Abin da ya fito, tonon kaza ya fi shi kan gado, dole aka sake komai.

Wata rana mai tallan turare ya faɗo har tsakar gida ana duba wata mai ciki. Hansai ta fusata: "Daga yau baƙon da ba ka san ubansa da garinsu ba, iyakarsa zaure!" Washegari malamin asibiti ya kawo allura, Sallau ya tsare shi sai da ya lissafo har kakansa.

Wata rana Ilu mai cajin waya ya samo wata 'yar manhaja da ake liƙa wa manhajar rubutu, kyauta, tana karanta komai da murya. Gari ya ɗauka. Hansai ta ga idonta zai huta. Za ta tafi karɓar haihuwa a wani ƙauye, ta ce, "Malam, kai wa Ilu ya sa mana."

Ilu ya danna, wayar ta ce abin yana neman izinin karanta dukan rubutu da aikawa waje.

"Ɗan wane ne?" in ji Sallau.

"Wa ya sani, Baba? Wani ne can ya ƙera, ba masu manhajar ba."

"Garinsu fa?"

'Yan zaman rumfar Ilu suka fashe da dariya. Sallau bai ga abin dariya ba. Ya karɓe wayar ba a ba da izinin ba, ya kai ta zaure, ya shimfiɗa mata tabarma, ya ajiye kwanon ruwa, don baƙo ba ya rasa haƙƙinsa. Kwana uku yana leƙawa ko ya faɗi sunan ubansa.

Hansai ta dawo ta iske gari ya hargitse. Duk wanda ya sa abin, rubutunsa ya fita. Barau mai magani, sunayen masu zuwa wurinsa da ciwon kowa suna yawo a wayoyin mutane, mutumin ko kasuwa ya kasa fita. Ga mata cike da ƙofar gidanta, matar maƙeri sai kuka take.

Tsoro ya kama Hansai, don ita da bakinta ta ba da umarni.

"Malam," ta ce, "an sa?"

Sallau ya sunkuyar da kai, yana jiran faɗa. "Ki yi haƙuri, Hansai. Yana zaure. Na tambaye shi ubansa ya ƙi faɗa, kuma wai kowane ɗaki yake so ya shiga. Ni da nake mijinki ma, in kina da mata, sai na yi sallama."

Hansai ta zauna a ƙasa, tana dariya tana share hawaye. Ta juya ga matan ta ce, "Ku koma gida. Sirrinku bai ƙetare zaure ba."