Ranar Da Na Baro Ƙashi A Gida

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, kuma ko na so in manta, mutanen garin ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta bakin kanal a kan babur, sai wani ya ɗago daga cikin shinkafa ya ɗaga min hannu yana cewa, "Likitan sanyi, an fito?" Ni kuwa ko likita ban kai ba. Ma'aikacin lafiya ne ni a ƙaramin asibitin wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda duk wanda ya sa farar riga ya zama likita.

Abin ya faro ne daga wata bita ta kwana uku da aka tura ni Kano, a kan ciwon nan da ke cin gaɓɓai, ya kumbura gwiwa, ya sandarar da yatsu, ya hana dattijo yin sujada. Na dawo da hula mai tambari, da ƙasida ta Turanci, da kai wanda ya fi hular girma. An ce kowa ya koma garinsu ya tara jama'a ya yi musu bayani da harshen da za su gane. Saƙon kuwa ba wuya: ba tsayawa cikin ruwa ke kawo ciwon ba kamar yadda manoma suka ɗauka, yawanci shekaru ne da ɗaukar kaya mai nauyi da tsohon targaɗe da ƙiba. A riƙa motsa gaɓa, a daina shan haɗe-haɗen ƙwayoyin masu talla, kuma in gaɓa ta kumbura ta yi zafi a zo asibiti.

To amma ni ina da wata manufa da ba ta cikin ƙasidar. Sunanta Hafsa. Mahaifinta, Alhaji Isyaku, shi ne shugaban manoman da ke shan ruwa a kanal ɗinmu, mutum mai kwarjini wanda in ya yi gyaran murya a masallaci sai tarin kowa ya tsaya. Wata huɗu ke nan da kawuna ya zo daga birni neman iznin aure, Baba, kamar yadda nake kiran Alhajin, ya ce za su yi shawara, kuma shawarar ta ƙi ƙarewa. Na samu labari ta bakin Hafsa cewa abin da ke damunsa ɗaya ne: wai yaran birni idonsu a buɗe yake, sun san duniya fiye da kima. Ta kuma gaya min gwiwoyinsa sun matsa masa har a kan kujera yake salla. Sai na ce yawwa, ga hanya Allah ya kawo. Zan tsaya gaban gari in yi bayanin ciwonsa da ilimi, ya ga irin surukin da yake jinkirtawa.

Matsalar farko ita ce sunan ciwon. Na san a rediyo ana cewa amosanin gaɓɓai. Na gwada shi a kan wani tsoho da ya zo karɓar maganin tari, sai ya cire hula ya miƙo min kansa, ya ce shi ma amosanin nan ya dame shi, ko'ina fari-fari a kafaɗar riga. Na ce wannan suna bai yi ba. Manoman kuwa kullum abin da suke cewa shi ne sanyi ya kama musu gwiwa, sai na rubuta "Taron Masu Sanyin Gwiwa". Da na sake karantawa na ga kamar ina gayyatar waɗanda tumatirinsu ya yi kwantai ne su zo a ba su haƙuri. Na goge. Daga ƙarshe na tsaya a kan sanyin ƙashi, wanda shi ne ainihin abin da mutane ke faɗa, na kai wani shago a Kura a buga min. Injin mutumin ba shi da ƙa mai lanƙwasa. Takarda ta fito da manyan baƙaƙe tana shelar sanyin wani abu daban, wanda ba a ambatarsa kusa da abinci.

Nan raina ya ɓaci, na ce wannan ƙashi shi ne fitina, a cire shi kowa ya huta. Saura kalmar sanyi ita kaɗai, sai na ga ta yi tsirara, ba ta yi kama da maganar asibiti ba. Na ɗauko "ciwo" na jingina mata a gaba don ta yi kwarjini. Ciwon sanyi. Na faɗa sau uku, na ji ya zauna daram a baki. (Na san mai karatu ya riga ya dafe kai. Ni ma yanzu ina dafewa. Amma ni a gidan malamai na tashi, inda ba a furta irin waɗannan kalmomi, a makaranta kuma da Turanci muka karanta cutar har na ci jarrabawarta da maki mai kyau. Hausar tana can wani lungu a kaina, ranar dai ba ta fito aiki ba.)

Mutum ɗaya da za ta cece ni ita ce Inna Talatu, dattijuwar da ke karɓar haihuwa a asibitinmu, wadda ba ta barin kuskurena ya kwana. Sai aka yi rashin sa'a ta tafi suna Dawakin Kudu. Na ba mai shela saƙo. Ya dube ni, ya sake dubana, ya tambaya ko haka zai faɗa. Na ce haka zai faɗa, ai ilimi ba kunya. Ya ce to, ya ɗauki lasifikarsa ya zaga gari yana cewa ranar Talata bayan la'asar, duk mai ciwon sanyi, mace ko namiji, ya hallara a ƙofar gidan mai gari, an tanadi wurin zama.

Ranar Talata na ga taron da ban taɓa gani ba ko a rigakafi. Masu dashe sun baro gona da taɓo a ƙafa, masu injin casa sun kashe inji, 'yan adaidaita sun jera a bakin hanya, mata sun cika gindin katanga. Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki: benci goma sha biyu da na aro daga firamare, babu wanda ya zauna a kai. Kowa na tsaye can nesa, hannu a harɗe, yana leƙen na kusa da shi. Ni a wautata na ɗauka ladabi ne. Ashe duk garin ya zo ne ya ga wanda zai zauna.

Ana haka sai ga Baba. Shi bai ji shela ba, don ranar yana kasuwar tumatir, kuma ni ta hannun Hafsa na aika masa cewa taron ciwon gwiwa ne, ina roƙon ya zama babban baƙo. Ya taho da sandarsa cikin babbar riga, ya ratsa jama'a, da yake kuma gwiwa ba ta barinsa tsayuwa, ya nufi bencin gaba ya zauna a tsakiya shi kaɗai. Wurin ya yi tsit. Na ji daɗi har cikin raina, na ce ka ga kwarjini.

Na karɓi lasifika na yi sallama, na fara. Na ce ciwon sanyi ya yi yawa a garin nan, kusan babu gidan da babu shi, sai dai mutane na ɓoyewa suna sayen ƙwaya a wurin masu talla. Na ce duk mai shi ya ɗaga hannu. Babu hannun da ya motsa, har masu korar ƙuda suka daina. Sai na yi murmushi irin na wanda ya je bita, na ce to tunda kuna jin nauyi, ga babanmu nan ya nuna muku hali, shi bai ɓoye ba, shekara ashirin yana fama da shi.

Baba ya ɗago kai a hankali ya dube ni. Na ɗauka yana ƙarfafa min gwiwa ne, sai na ƙara murya.

"Ku daina ɗora wa ruwan kanal laifi," in ji ni. "Ba a ruwa ake ɗaukar ciwon sanyi ba. Abin da mutum ya aikata ne da ƙuruciya yake biyo shi. Baba nan na samu tarihinsa, an ce a zamaninsa ba a iya masa. Wasu ɗaya suke ɗauka, shi biyu-biyu yake yi, tun daga nan har Kura."

Buhun shanshera nake nufi, wato shinkafar da ba a casa ba. Wallahi buhun shanshera nake nufi, Hafsa ce ta ba ni labarin ƙarfinsa. Amma kalmar buhu ita ma ta bi sahun ƙashi ta tsaya a gida. Wani daga baya ya ce "Innalillahi". Mai gari ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa da na ga jama'a sun motsa, sai na ce bayani ya fara shiga, na ɗora da cewa ba maza kaɗai ba ne, Hajiya ma a cikin gida na ji an ce tana da shi, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutanen da suka daɗe tare.

A daidai nan ne babur ya sauke Inna Talatu. Na hango ta tana ratsa mutane tana kaɗa mayafi sama, sai na ɗaga mata hannu ni ma, ina cewa a raina ka ga mai kishin aiki. Ba ta tsaya wata-wata ba, ta wuce ta fizge wayar lasifika daga jikin batir, ta matso ta kama min hannun riga.

"Kai ɗan nan, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ciwon sanyi ai na masu bin mata ne. Ƙashin ina ka baro shi?"

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Duk maganganun da na yi suka dawo min ɗaya bayan ɗaya, kowace da sabuwar fassara: shekara ashirin, ƙuruciya, biyu-biyu, Hajiya. A ranar na fahimci sanyin gwiwa fiye da duk abin da aka koya mana a bita. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Kura ta sha ruwa, ba ta tsagewa.

Baba ya dogara sanda ya miƙe, abin da ya ɗauke shi lokaci, kowa na jira. Bai nemi lasifika ba. Ya juya ya fuskanci jama'a ya ce, "Jama'a, gwiwa ce. Gwiwa yake nufi." Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, Allah ya ƙara ilimi." Ya gyara riga ya tafi. Sai da ya sha kwana dariyar ta fashe, har da masu zama a kan bencin da suka ƙi ɗazu don cikinsu ya ƙulle.

Kwana uku ban wuce ƙofar asibiti ba. Na kira Hafsa ba ta ɗauka ba, sai a rana ta uku ta turo saƙo guda: wai Ummanta na gaishe ni, ta gode da ban manta da ita ba a cikin jawabi. Na karanta na kwanta a kan gadon awo, na tabbatar aure ya tafi, kuma ni na kore shi da bakina a lasifika. Gaskiya na yi baƙin ciki, don ina son yarinyar nan ba kaɗan ba.

Abin haushi, taron ya yi aiki. Da labarin ya zaga ƙauyuka, duk mai ba da shi dole ya bayyana abin da nake nufi kafin a yi dariya, sai ga saƙon ya kai inda ƙasida ba za ta kai ba. Dattawa suka riƙa zuwa da gwiwoyinsu, kowa na shigowa zai ce da ƙarfi, "Na ƙashi ne," don na kan layi su ji. Wasu mutum biyu kuma suka zo a ɓoye da ainihin wancan ɗin, suna raɗa cewa tunda har Alhaji ya fito fili, su wa ne da za su ɓoye. Na duba su, na kuma rantse musu Alhaji gwiwa ce.

Ranar Juma'a kawuna ya zo daga birni da ƙwaryar goro don ba da haƙuri, bayan ya wanke ni tas a waya. Ni ina waje a gindin darbejiya, ina jiran a fito min da gawar neman aurena. Da ya fito sai na ga yana girgiza kai yana murmushi. Ya ce ko gama ba da haƙurin bai yi ba Baba ya katse shi.

"Ni dama tsorona ɗaya ne, kada in ba yaron da ya san duniya da yawa," in ji Baba. "To wanda ya kai waɗannan shekaru bai san sunan wannan ciwo ba, har ya hau lasifika da shi, ai ba inda ya taɓa zuwa. Ku turo."

Yanzu shekararmu biyu da Hafsa. Baba yana motsa gwiwa kowace safiya kamar yadda na koya masa, ya kuma daina ƙwayar masu talla. In na durƙusa gaishe shi na tambayi jiki, sai ya ce da sauƙi, sanyin ƙashi ne, ya danna ƙa ɗin nan har sai na sunkuyar da kai. Na koyi cewa kalma, kafin ka hau da ita lasifika, ka fara gwada ta a kunnen tsohuwa. Ban kuma taɓa gaya wa Baba na ci jarrabawar wancan ciwo da maki mai kyau ba. In wauta ce ta ba ka mata, ba ka gaggawar nuna wa suruki kana da wayo.